Kwanon da Ban Yaba Ba

Maigidana yana cewa bai taɓa ganin matar da ke ƙunshe kanta cikin mayafi a tsakiyar kasuwa da rana tsaka ba sai ni. Gaskiyarsa ce. Duk mai zuwa haraj, kasuwar gwanjo ta kudancin Jidda, ya san doguwar Bahaushiyar nan da za ta ɗauki kofi ko farantin gilashi, ta ja mayafi ta rufe kanta da shi ruf, ta yi tsit a ciki kamar mai turara jiki, sannan ta fito ko tana murmushi ko tana tsaki. Da farko 'yan kasuwar sun ɗauka sata nake shirin yi. Daga baya suka yanke cewa taɓin hankali ne mara cutarwa, suka riƙa ajiye mini duk wani koren gilashi da ya faɗo hannunsu.

Abin da nake yi a cikin mayafin ba wani asiri ba ne. Wata 'yar tocila gare ni mai shuɗin haske, irin wadda 'yan canji suke duba jabu da ita. Akwai wani tsohon gilashi da Turawa suka yi yayinsa tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu, wanda ake zuba wa ɗan sinadarin yuraniyom tun yana narke don ya ba shi launi. A ido kore ne mai sirkin rawaya, wani kamar man basilin, wani kamar ɗanyen lemun tsami. Amma in ka haska shi da wannan tocila a cikin duhu, sai ya kama da haske, kore shar, kai ka ce fitila aka kunna a cikin jikinsa. Koren gilashin zamani kuwa, ko wuni za ka yi kana haska shi ba zai kula ka ba. To, a haraj ina za ka samo duhu? Dole ka yi naka.

Aikin asibiti ne ya kawo ni Jidda, a ɗakin ɗaukar hoton ƙashi. Shi ya sa ranar da na gane abin da ke jikin ɗan farantin da na fara saya, sai da na kai shi wurin aiki na kara masa na'urar awo. Ta ɗan yi ƙas, ƙas, a hankali, ba abin da zai hana mutum barci. Tun daga nan na kafa wa kaina doka: ba na zuba abu mai tsami a ciki, ba na cin komai a wanda ya tsage. Maigidana dai har yau bai daina tsiya ba. Yana cewa sauran ma'aikata suna baro aikinsu a asibiti, ni kuwa nawa na kwaso na jera masa a falo.

Da tafiya ta yi nisa, hannuna ya riga tocila ganewa. Gilashin wancan zamani ba ya son lanƙwasa da furanni. Layukansa a miƙe suke, gindinsa hawa-hawa kamar matakala, ko kuma a zana masa hasken rana mai fitowa, tsinke-tsinke. In ka shafa gefensa za ka ji siririn layin da bakin mazubin da aka ƙera shi a ciki ya bari. In ka kifa shi za ka ga gindin ya goge, ya yi ƙananan zane na shekarun da ya yi ana ja a kan tebur. Sabo ba ya da wannan gajiyar. Akwai kuma wani mayaudari da ke ɗan yin haske dishi-dishi a ƙarƙashin tocila, ya sha ruɗa ni kafin in san shi. Na gaske ba ya rowar haske.

Attajiran da can na Balad, tsohon garin Jidda, su ne suka shigo da gilasan nan ta jirgin ruwa, suka cika manyan gidajensu da su. Da tsofaffin suka kau, jikoki suka koma sababbin unguwanni, sai aka riƙa kwashe kayan ana zubarwa a haraj. Shi ya sa da wuya ka samu abu cikakke. Yau ka samu murfi babu kwano, wata shida ka samu kwano babu murfi, kuma ba su dace da juna ba. Ni dai ina tsinta ina kawowa gidanmu da ke unguwar Waziriyya, ina jerawa a kabad. Mahaifiyata mace ce mai jere, ɗakinta a Zariya tasoshi ne da kwalla tun daga ƙasa har rufi, kuma ta sha yi mini gorin cewa boko ya hana ni zama mace. Da ta ga kabad ɗin nan da ta yi dariya, ta ce ashe dai jini ba ya ɓuya. Ina jin daɗin zamana a nan, ba na ɓoyewa. Da la'asar sakaliya, in rana ta kusa faɗuwa, gilasan kan ɗan yi haske da kansu ba tare da tocila ba, sai in zauna ina kallonsu har a kira magariba.

A ƙasan benenmu akwai wani ɗaki guda, nan wata tsohuwa take zaune. Hajiya kowa ke ce mata, ni ma haka. 'Yar Damagaram ce, ta zo aikin hajji tun tana da ƙuruciya, ba ta koma ba. Ba ta da iƙama, takardar zama ke nan, ba ta kuma taɓa yi ba. Ta daɗe tana aikatau a wani babban gida a Balad, ta zauna a unguwar Kurayyat, sannan tsufa ya kawo ta ƙasan benenmu, inda take yin dambu da fura tana sayar wa Hausawa masu kewar gida. Likita take kirana. Na gaya mata ya fi a ƙirga cewa ni ba likita ba ce, hoto nake ɗauka. Ta ce, "To mai ganin ƙashin mutum yana raye, in ba likita ba mene ne?"

A wurinta na koyi wata al'ada ta mutanen nan, kuma da zafi na koye ta. Farkon zuwana na gan ta da wani carbi mai ƙamshi, na ce, "Kai Hajiya, carbin nan naki ya yi kyau." Ban rufe baki ba ta damƙa mini shi a hannu.

"Mugaddam," in ji ta.

Na ce a'a, yabawa kawai na yi. Fuskarta ta canja. Ta ce, "Ya binti, 'yata, a nan in an ce mugaddam, halas, magana ta ƙare. An ba ki ke nan. Ko so kike ki ce ban isa in yi kyauta ba?"

Na hau sama da carbin, kunya kamar ta kashe ni. Maigidana, wanda ya riga ni zama a garin, ya yi mini bayani. A nan in ka yaba abin mutum a gabansa, zai ce maka mugaddam, wato ga shi an miƙa maka. Da yawa a baki ne kawai suke faɗa, kai ma ka yi godiya a baki, kowa ya riƙe abinsa. Amma tsofaffi irin Hajiya da gaske suke yi. Ya ce in ina son zaman lafiya da ita, in riƙa tauna magana kafin ta fito.

Wata al'adar kuma ba baƙuwa ba ce a wurina, don da ita na tashi. In azumi ya kama, maƙwabta suna aika wa juna abinci kafin shan ruwa, kuma ba a mayar da kwano wayam. A azuminmu na farko a gidan, kwanukan roba da na silba suka yi ta hawa da sauka tsakanina da Hajiya. A na biyu, bayan ta ɗan saba shigowa falona, wata rana da yamma ta ƙwanƙwasa, na buɗe, ta miƙo mini abu a naɗe cikin ƙyalle, ta juya tana cewa ta bar tukunya a wuta.

Na kai kicin na kwance ƙyallen.

Kwanon gilashi ne mai murfi, kore mai hazo-hazo, kamar an busa masa gari. Gindinsa hawa-hawa ne, jikinsa layuka a miƙe daga sama har ƙasa, mariƙin murfin kuma an yi shi kamar buɗaɗɗen mafici. Babu tsaga, babu ɓantara ko ɗaya. Murfin nasa ne na asali, yana zama daram. Tun da na fara yawon haraj ban taɓa riƙe kamarsa ba. Ga shi kuma cike da dambu. Na juye dambun, na wanke shi da hannu biyu, na shiga sito na rufe ƙofa, na haska. Wallahi har buhun shinkafar da ke gefe sai da ya koma kore.

Maigidana ya same ni a can. Ya dubi kwanon, ya dube ni, ya ce, "To fa. An zo wurin."

Na ce, "Malam, ka ga abin nan kuwa?"

"Na gani. Ai abin da sauƙi. Sauka ƙasa ki ce ya yi kyau."

Na harare shi. Amma maganar gaskiya, ni ma tunanin da ya fara zo mini ke nan. Kalma uku kawai, kwano ya zama nawa. Washegari na cika shi da dabino mai kyau na sauka da kaina, kalmomin suna kan harshena.

Ranar na fara shiga ɗakinta sosai. Katifa ce a ƙasa, sai murhun gas, da tukwanen sana'arta, da akwatin ƙarfe guda. Ta karɓi kwanon, ta juye dabinon tana sa mini albarka, ta goge shi da gefen zanenta, ta ɗora a kan akwatin, a tsakiya, inda da alama nan ne mazauninsa. Ban tambaye ta ba, ita ta ba ni labari. Ta ce a gidan da ta yi aiki a Balad, ita ke goge kayan falo. Wata rana tana goge wannan, ba ta san uwar gidan na bayanta ba, ta ce masha Allah, wannan abu da kyau yake. Sai ta ji an ce mugaddam. Ta rantse, ta yi kuka, ta ce ba da nufi ta faɗa ba, matar ta ce ita ba ta mayar da magana.

"Kin ga ni ban yi jere ba," in ji Hajiya. "Auren da na yi a nan, da buta da tabarma aka kai ni. Wannan shi ne jerena, shi kaɗai."

Na haɗiye kalmomina. Na ce dambun jiya ya yi daɗi, na tashi na hau sama. A kan matakala na yi wa kaina alkawari cewa bakina ba zai raba tsohuwar nan da abu guda da take da shi ba. Saye kuwa ba ya cikin lissafi. Da na furta, kyauta za ta ba ni, ta kuma ji haushin na ambaci ciniki.

Haka muka shiga wani zama mai ban dariya da ya ɗauki shekaru. Duk azumi, duk salla, wani lokaci ma haka kawai ranar Juma'a, kwanon zai hawo. In juye, in wanke, in shiga sito in gaisa da shi, in kwana da shi a gidana, washegari in cika shi da alkaki ko dubulan in mayar. Na ƙware wajen yabon abinci. Dambu ya ji albasa, gyaɗa ta soyu, hannun Hajiya dabam ne. Abinci dai an riga an ba ni, yabonsa ba ya jawo komai. Amma kwanon, ko kallonsa ba na yi a gabanta. Ina karɓa ido a sama, kamar wadda aka miƙo wa robar wanki. Tocilata ma ban taɓa nuna mata ba, don kada hira ta biyo ta kan nata.

Maigidana ya samu abin yi. Da ya ji ƙwanƙwasarta sai ya ce, "Tashi, ga masoyinki ya zo zance." In na mayar kuma ya tambaye ni ko an yi sallama lafiya. Ni dai na ce masa na gode Allah, wasu ma a hoto kawai suke ganin irinsa, ni kuwa yana kwana a kicin ɗina. Kuma da gaske nake. Kwaɗayin bai tafi ba, amma ya kwanta, ya zama irin na abin da ka san zai dawo.

Tsorona guda ne, kada wani ya yaba a maimakona. Ya kuwa kusa faruwa. Wata salla ina tare da wata maƙwabciyarmu haifaffiyar Jidda, mai baki kamar rediyo, sai ga Hajiya da kwanon, ranar ko ƙyalle ba ta naɗa masa ba. Maƙwabciyar ta zaro ido ta ce, "Ya salam! Esh hada, mene ne wannan, ya Hajiya, wannan kwano ai..." Ban san lokacin da na taka mata ƙafa ba. Ta yi ƙara, na ce kyankyaso na gani, na ja ta kicin na cusa mata alkaki a hannu. Ta yi wata guda tana gaishe ni a ciki-ciki. Ban damu ba.

Hajiya kan zauna a falona ta fuskanci kabad, ta yi ta kallo. Wata rana na dawo daga haraj da wani kofi da na saya cikin gaggawa ban shiga mayafi ba. Na duba shi a sito, na fito ina mita, na ce wa maigidana an cuce ni, na bogi ne, launin kawai gare shi. Hajiya na zaune. Ta ce, "Ashe akwai na bogi?" Na ce su suka fi yawa ma. Ta ce, "Uhm." Ban kawo komai a raina ba.

Bara, bayan babbar salla, ta fara maganar gida. Gwiwoyinta sun ƙi, tsayuwar dambu ta gagare ta, 'yar ƙanwarta kuma tana ta kira daga Damagaram cewa ta dawo a kula da ita. Mai zama irin nata in zai tafi, miƙa kansa yake yi a mayar da shi, kuma ya san ba dawowa. Ta fara rarraba tukwanenta, ta yi wa wata alkawarin murhun gas. Ni ina ta yi mata haɗe-haɗen magungunan gwiwa, ina kauce wa tunanin matakalar nan babu ita.

Ana saura kwana kaɗan ta tafi, da la'asar, ta hawo da kwanon. Ba azumi ba, ba Juma'a ba. Ta zauna tana haki, ta ajiye shi a kan tebur tsakaninmu, ba ta miƙo mini ba. Na fara waƙata ta kullum, cewa tun daga nan ina jin ƙamshi.

"Bar maganar dambu, Likita," in ji ta. "Tambaya zan yi miki, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Kwanon nan na bogi ne?"

Na ce, "Hajiya, me ya kawo wannan magana?"

"Shekara nawa ina hawo miki da shi? Kin taɓa ganin na kai shi gidan wani? Ke ce mai irinsu, ke kika san su. Na ce in ta gani za ta yaba, in ba ta, ya shiga cikin 'yan'uwansa. Ni ba zan ɗauki tsohon kwano in ce wa likita ga kyauta ba, da wane ido? Sai na yi ta kawowa. Ki yabi albasa, ki yabi gyaɗa. Ranar nan wata za ta yaba, kika take ta. Na ce halas, kunyata take ji, ba ta so a yi ta zuzuta abin banza." Ta gyara murfin da yatsa. "Ba don kaina ba. Matar nan da ta ba ni shi, na yi mata aiki da ƙuruciyata duka. Ina so in sani kafin in tafi, abin kirki ta ba ni, ko abin da za ta zubar ne."

Dariya na taso mini, kuka na taso mini. Duk shekarun nan ina ɗaure bakina don kada in raba ta da shi, ita kuma tana hawa bene da ciwon gwiwa tana jiran in buɗe bakin. Na tashi na ɗauko tocila. Na juye dambun a faranti, na ɗauraye kwanon, na dawo na zauna kusa da ita a kan kujera. Na warware babban mayafina na haraj, baƙi mai kauri, na rufe mu da shi mu biyu.

"Esh hada kuma?" in ji ta a cikin duhu.

Na ce, "Riƙe shi da kyau, Hajiya."

Na kunna. Kwanon ya kama a hannunta, kore shar, layukan nan duk suka fito, maficin murfin yana ci kamar garwashi. Hasken ya hau yatsunta, ya hau fuskarta. Ta ce, "La ilaha illallahu." Ta juya shi a hankali. Ta ɗaga murfin ta leƙa ciki ko akwai abin da ke ci, ta mayar.

Na gaya mata abin da ke jikinsa, na ce yuraniyom ake kiransa. Ta ce, "Wanda ake haƙowa a ƙasarmu?" Na san na wancan zamanin ba daga can aka samo shi ba, amma ban gyara mata ba. Na ce irinsa ne. Ta yi 'yar dariya ta ce ashe ɗan gida ne, shi ya sa suka shaƙu. Na gaya mata kuma cewa a duk abin da ke kabad ɗina babu na biyunsa, kuma tun ranar farko na sani. Na faɗa mata dalilin shiruna. Ta saurara har na gama.

"Ke dai wawuya ce, ya binti," in ji ta. "Ni ma haka." Sai ta gyara zama, har yanzu muna cikin mayafin, zafi ya fara damunmu. "Yalla, maza. Faɗi."

Na ce, "Hajiya, ki tafi da shi gida. Jerenki ne."

"A cikin buhu, a jefa shi a mota ya zama gari? Can wa ya san shi? Faɗi, na ce."

Na ce, "Hajiya, kwanon nan naki yana da kyau."

"Mugaddam."

Ban taɓa jin an faɗi kalmar nan kamar yadda ta faɗe ta ba. A hankali, kai a sama, irin ta matar babban gida. Ta ɗora mini shi a cinya da hannu biyu. Muka yaye mayafin, duk mun jiƙe da gumi, kowa na share ido yana cewa zafi ne.

Na ce to ai ba a mayar da kwano wayam, yanzu kuma ba kwanon mayarwa, yaya za mu yi? Ta dubi kabad, ta daɗe, har na fara zaɓar mata a zuciyata wanda zai jure tafiya. Sai ta kamo gefen mayafin ta murza shi tsakanin yatsu, ta dube ni ta gefen ido.

"Likita, mayafin nan naki kuwa yana da kyau."

Na ce, "Mugaddam."

Da shi ta tafi. Wanda na saya a madadinsa bai kai shi kauri ba, rana tana ratsowa, sai na ninka shi biyu nake iya ganin komai a haraj.

Na buɗe wa kwanon wuri a tsakiyar kabad, ya yi watanni a nan. Ya yi kyau ƙwarai, duk wanda ya shigo shi yake fara gani, kuma baƙina 'yan boko ne, yabonsu ba ya cin komai. Amma ni in na dube shi sai in ga kamar an ɗaure shi. Da yana zuwa yana tafiya na fi jin nawa ne.

Da azumin bana ya kama, ranar farko da yamma, na tsinci kaina ina kasa kunne ga ƙofa. Ba wanda ya ƙwanƙwasa. Na tashi na ciro kwanon, na cika shi da dabino. Maigidana ya ce, "Ina kuma za ki kai mana shi?" Na ce ƙasa. Wata mata ce yanzu a ɗakin Hajiya, mai ɗinki, ba ta daɗe da tarewa ba, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na sauka ina riƙe da shi a ƙirji, na san in ta yaba, kalma ɗaya ce ta rage mini, kuma zan faɗe ta.

Ta buɗe, ta karɓa. Ta dubi kwanon, ta daɗe tana dubansa, har ta shafa maficin murfin da babban yatsa. Sannan ta ɗago ta ce, "Kai, dabinon nan ya yi kyau."

Washegari ya hawo da soyayyar gyaɗa a ciki.